Zarton da Ke Yanka a Kwance

Duk gidan da aka saka wa tayil bayan an riga an kafa ƙofofi, akwai ranar da za a tsaya cirko-cirko a bakin ɗaki. Mai tayil ya gama aikinsa, daɓe sai ƙyalli yake yi, a zo mayar da ƙyaure a tarar ya ƙi rufuwa. Dalilin a fili yake. Tayil ɗin kansa yana da kaurin milimita 8 zuwa 10, kwaɓin simintin da ake shimfiɗa masa kuma yakan kai santimita 2 ko 3, musamman idan tsohon daɓen ba a daidaice yake ba. Ƙasa ta tashi ke nan, ƙofa kuwa tana nan yadda kafinta ya bar ta. Dole a rage mata tsawo.

Abubuwa biyu ne ke neman ragi: ƙyauren kansa, da ƙafafun firam ɗin katakon da ke tsaye hagu da dama. Yawancin masu tayil a wajenmu ba sa taɓa firam. Sai su yi ta gutsurar tayil suna kewaya shi, gurbin da ya rage a cike da farin siminti. A ranar farko ba laifi. Bayan 'yan watanni cikon ya tsage, ruwan goge ɗaki ya samu wurin kwanciya, gindin katako ya fara baƙi, daga nan sai gara. Aikin da ya fi tsafta shi ne a datse gindin firam daidai kaurin sabon daɓe, a zura tayil ƙarƙashinsa, wanda ya shigo ya ɗauka tun asali a kan tayil aka dasa firam ɗin.

Akwai zarton da aka ƙera musamman domin wannan yanka. A Amurka da Turai ya fi gindin zama, inda firam da ƙyaure yawanci na katako ne, kuma ana yawan sauya shimfiɗar ƙasa, yau kafet, bayan shekaru falankin katako. Irin falankin nan da ake harhaɗawa yana buɗewa yana tsukewa gwargwadon zafi da laima, don haka ake bar masa tazarar kimanin santimita 1 a kowane gefe, kuma a bakin ƙofa babu inda tazarar za ta ɓuya sai ƙarƙashin firam. Kamfanoni irin su Crain da ke jihar Kalifoniya, da Roberts, sun daɗe suna ƙera wa masu shimfiɗar ƙasa wannan zarto.

Na hannu shi ne mafi sauƙi. Gajere ne, haƙoransa ƙanana, an ɗage mariƙinsa sama yadda ruwan zarton zai kwanta a ƙasa ba tare da yatsu sun goge daɓe ba. Na lantarki faifai ne mai faɗin inci 6 zuwa 6 da rabi, yana juyawa a kwance cikin wani gida na ƙarfe da ke zamewa a kan daɓe, ana ɗaga faifan ko a sauke shi gwargwadon buƙata. Sai kuma ɗan injin nan mai karkarwa, wanda bakinsa ba ya zagayawa, kaɗawa kawai yake yi hagu da dama kaɗan-kaɗan, har kusan sau 20,000 a minti. Asalin dabararsa daga asibiti take: a 1967 kamfanin Fein na Jamus ya fitar da zarton cire filastar karaya mai aiki ta wannan hanya, daga baya dabarar ta shiga hannun kafintoci. A cikin masu lantarki shi ne ya fi ƙarancin haɗari, ko da yake ya fi jinkiri, kuma bakinsa na saurin dakushewa.

Abin da ya fara jan hankalina ga wannan zarto shi ne yadda ake awonsa. Ba a buƙatar tef. Guntun tayil ɗin da za a saka ake ɗaukowa, a ɗora shi a kan wani abu mai kaurin kwaɓin da zai shiga ƙarƙashinsa, a jingina da firam, a kwantar da zarto a kai, a yanka. Idan na lantarki ne, da wannan guntun ake saita tsayin faifai, fulogi a zare, a ɗaure notin da kyau, a gwada a kan wani guntun katako kafin a kusanci firam. Wanda ya auna da tef ya ja layi da fensir yana iya kuskuren milimita biyu ko uku, kuma a gindin ƙofa milimita uku ido na ganinsu. Guntun tayil kuwa shi ne ainihin abin da zai shiga wurin, saboda haka ba ya ruɗin mai aiki. Wasu ma kife shi suke yi don kada haƙoran zarto su karce fuskarsa.

Bayan tsayi sai zurfi, kuma a nan ne ake gane wanda ya san aiki. Firam yana da kaurinsa, bayansa kuwa bulo ne da siminti a gidajenmu. Haƙoran faifai wasu ƙananan guntaye ne na ƙarfe mai tsananin tauri da aka liƙa a bakinsa. Suna cin katako ba wahala, amma taurin nasu ya sa suke da saurin fashewa. Da sun daki bulo ko ƙusa sai su ɓalle, su tashi kamar harsashi. Injinan kirki suna da abin tsayar da zurfi, a saita shi daidai kaurin katako, ko ma a rage kaɗan a ƙarasa da zarton hannu. Kafin nan sai an nemi ƙusoshi. Kafintocinmu sukan buga ƙusa mai inci 3 ko 4 a gindin firam su nutsar da kanta, fenti ya rufe. Ƙaramin maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne, idan aka bi da shi a kan layin yanka zai nuna inda take. A kuma duba ko akwai wayar wuta ko ta talabijin da aka bi da ita ta gindin firam, domin masu saka waya suna son wannan lungu. A wajen banɗaki da kicin, a tambayi inda bututun ruwa ya bi.

Babban haɗarin wannan zarto shi ne tutsu. Idan faifai ya maƙale a cikin katako, ƙarfin da yake juya shi ba ya ɓacewa, sai ya koma kan injin gaba ɗaya ya wurgo shi waje. Ku dubi yanayin mai aikin: a durƙushe yake, faifan yana kwance daidai gwiwarsa da idon sawunsa, ba shi da damar ja da baya da sauri irin ta wanda ke tsaye. Shi ya sa ake riƙe injin da hannu biyu a kan mariƙansa biyu, ba a dafa firam da hannu ɗaya ana yanka da ɗaya. Gwiwoyi su kasance a bayan injin, nesa da layin da zai bi idan ya yi tsalle. A bar faifai ya kai cikakken gudunsa kafin ya taɓa katako, a tura shi sannu ta ɓangaren da kamfanin ya nuna, gindinsa kwance a ƙasa ba tare da karkata ba, domin karkatar ce ke sa katako ya matse faifai. Daɓen ma a share shi tas tukuna, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɗaga gefen injin. Lungun da firam ya haɗu da bango ya fi ko'ina kama faifai, gara a bar shi ga zarton hannu. Idan an gama, ba a ɗaga injin sai faifai ya tsaya cak.

Sai in zo kan abin da ya sa na ga rubutun nan ya zama dole. Wannan zarto na lantarki bai yawaita a kasuwanninmu ba. Wanda ya zaga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai, abin da zai fi gani shi ne injin giranda na masu walda. To da yake jikin injinan biyu ya yi kama, sai wasu su kwance murfin giranda, su ɗaura masa faifan zarton katako, su durƙusa a gindin ƙofa. Ƙaramin giranda mai faifan milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, ninki biyu ke nan na zarton katako mai faifai da aka saba da shi. A wannan gudu bakin faifan yana tafiyar da ta haura kilomita 200 a awa. Dutsen giranda gogar ƙarfe yake yi, faifai mai haƙora kuwa cafkar katako yake yi, kuma idan ya cafka da wannan gudu babu damtsen da zai riƙe shi. Ba shi da gindin da zai zauna a ƙasa, ba shi da abin saita tsayi ko zurfi, murfin da ya rage ma an cire. A 2021 hukumar kula da amincin kayayyaki ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan faifan giranda mai haƙoran sarƙa da ake sayarwa don sassaƙar katako, saboda munanan raunukan da yake jawowa. Mai ɗaura wa giranda faifan katako zai ce maka ya shekara yana yi ba abin da ya same shi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma yatsun da zai ci abinci da su har ƙarshen rayuwarsa yake sakawa a caca domin ya rage minti goma. Zarton hannu zai yanke ƙafar firam a cikin 'yan mintuna, kuma ban ga hujjar da za ta sa a bar shi a ɗauki giranda ba.

Akwai haɗuran da namu ne na gida, waɗanda takardar da ke zuwa cikin kwalin injin ba ta san da su ba. Na farko ɗauke wuta. Ana cikin yanka wuta ta tafi, mai aiki ya ajiye injin a kunne ya fita shan iska, a dawo da wuta ko a tayar da janareta, injin ya tashi shi kaɗai a tsakar ɗaki inda yara ke kai da komo. Da wuta ta ɗauke, a kashe makunni a zare fulogi nan take. Na biyu, tsirarun wayoyi da ake cusawa a soket a tokare da tsinken ashana, sau da yawa a kan daɓen da mai tayil ya jiƙa. Na uku, injinan gwanjo da ke shigowa daga Amurka. Wutarsu ta can bolt 120 ce, tamu 230, wanda ya jona kai tsaye ba tare da taransifoma ba zai ƙona injin, kafin ya ƙone kuma zai yi gudun da ya wuce ƙa'idarsa. A karanta ƙaramin allon da ke jikinsa tun a kasuwa. Na huɗu tufafinmu. Doguwar riga tana taruwa a ƙasa idan mutum ya durƙusa, daidai inda faifai yake. Rigar aiki ta zama gajera, hannunta a naɗe, carbi da agogo a aljihu, ƙafa cikin rufaffen takalmi, ba silifa ba.

Tabarau na aiki wajibi ne, domin fuskar mai yanka a kusa da ƙasa take, inda guntaye ke tashi. Takunkumi ma haka. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci, kuma ƙurar katako mai tauri irin su loko da maɗaci ita aka fi jin tsoro. Ƙarar injin a rufaffen ɗaki mai tayil tana cin kunne a hankali, abin toshe kunne kuwa kuɗinsa kaɗan ne.

Shi ƙyaure, ana iya rage shi yana rataye idan an tokare shi da weji yadda ba zai motsa ba, amma ni na fi son a sauke shi a kwantar a kan benci. A ja layi, a fara tsaga layin da wuƙa mai kaifi don kada fatar katakon ta tsattsage, a ɗaure miƙaƙƙen katako ya zama jagora, sannan a yanka. A san irin ƙyauren da ake hannu da shi. Ƙofar falawud da ta cika ɗakunanmu holoƙo ce, katakon gaske a gindinta 'yan santimita ne kawai. Wanda ya yanke fiye da kima zai tarar da rami, sai ya sassaƙo wani katako ya cusa da gam, in ba haka ba gindin ya buɗe ya zama gidan kyankyasai. Ƙofofin ƙarfe na China da na Turkiyya, da firam ɗin da mai walda ya haɗa, ba na wannan zarto ba ne ko kaɗan. Maganinsu shi ne a yi lissafin tsayin daɓe tun kafin a kafa su.

Lokacin shekara ma yana da ta cewa. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Ƙofar da ke cijewa a watan Agusta tana iya sakewa da kanta a Janairu. Wanda ya zabge ta da yawa a tsakiyar damina zai ga rata da sanyi, ƙura da iska suna shigowa, wani lokaci har kunama. Tazarar kimanin santimita 1 tsakanin ƙyaure da tayil ta wadatar a yawancin ɗakuna. Idan ana shakka, a rage kaɗan a rataya a gwada. Ana iya sake ragewa gobe, amma abin da ya faɗi ƙasa ya zama dusa ba ya komawa.

Idan mutum ya zauna ya dubi wannan inji da kyau, zai ga kusan duk abin da ke jikinsa, ban da faifan da abin da ke juya shi, an saka shi ne don a hana shi wuce wuri. Gindinsa yana hana shi karkata, noti ɗaya yana hana shi hawa sama, wani yana hana shi nutsawa ciki, murfi yana rufe haƙoran da ba sa aiki. Kuma duk waɗannan iyakoki ana ɗaure su ne tun injin yana a kashe, domin da zarar faifai ya ɗauki gudu babu sauran lokacin shawara. Yankan ƙafar firam bai wuce daƙiƙu ba, shirinsa ne ke cin rabin awa. Ina ganin wannan ya shafi duk wanda aka ba wa ikon rage wani abu a rayuwar wani. Uban da zai tsawata wa ɗansa, maigidan da zai gyara wa yaron shagonsa kuskure, dattijon da aka kira sulhu tsakanin miji da mata, kowannensu gyara ya zo yi, kuma gyaran yana bisa hanya. Inda ake samun ɓarna shi ne mutum ya buɗe baki bai tsayar wa kansa inda zai tsaya ba. Ya zo rage santimita biyu, zuciya ta ɗebe shi, ya tono laifin bara da na bariya, ya taɓo iyaye da asali, ya bar ratar da za a shekara ana jin iskarta. Wanda ya yanke wa kansa tun yana cikin natsuwa cewa ga abin da zan faɗa, ga inda ba zan taɓa ba, shi ne ke tashi ya bar abin da ya gyara yana aiki. Awon ma daga ainihin abin da ya faru ake ɗaukarsa, ba daga yawan ɓacin ran mai gyara ba.

Kula da zarton kuwa rabin tsaron mai shi ne, domin dakusasshen faifai shi ya fi yin tutsu. Alamominsa ba sa ɓuya: warin ƙuna, baƙin tabo a bakin yanka, da jin cewa sai an danna kafin ya ci. Sau da yawa ma ba dakushewa ya yi ba, ƙaron katako da tsohon fenti ne suka daskare a haƙoransa. A zare fulogi, a kwance faifan, a jiƙa shi da kananzir ko ruwan sabulu mai ɗumi, a goge da tsohon buroshin haƙori, a busar. A bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya a cikin haske. Faifan da ya rasa haƙori, ko ya tsage, ko ya lanƙwashe, a jefar da shi, kada a kai wa mai walda. Wajen mayarwa a tabbata kibiyar da ke jikin faifai ta bi ta jikin injin, kuma gudun da aka rubuta a faifan bai gaza na injin ba. Ƙurar hunturu da dusar katako suna toshe ƙofofin iskar injin har ya yi zafi, a riƙa hure su bayan kowane aiki. Idan aka ga tartsatsi ya yawaita a ciki ko ƙarfinsa yana yankewa, gawayin injin ne ya cinye, a sauya guda biyun tare. Wayar da ta ɓare a sauya ta, naɗa mata leda ba gyara ba ne. Da damina a shafa wa faifai ɗan mai saboda tsatsa, a ajiye injin cikin akwatinsa inda yaro ba zai kai ba. Zarton hannu na gargajiya ana wasa shi da ƙaramin magagari mai kusurwa uku, amma na zamani masu baƙin bakin haƙora an ƙona su sun yi taurin da magagari ba ya cin su, idan sun dakushe sai sabo.

Idan tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, a danne raunin da ƙyalle mai tsafta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Kada a zuba baƙin mai ko garin gawayi ko ƙasa. Idan yatsa ya cire, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a saka a leda a ɗaure, a saka ledar cikin ruwan ƙanƙara ba tare da ƙanƙarar ta taɓa naman ba, a tafi da shi. A kuma tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Mai gida ma yana da nasa kason. Yawancin gangancin da ma'aikata ke yi, matsin wanda ya ba su aiki ne ke haifar da shi: biki ya matso, amarya za ta tare jibi, ana tsaye a kansu ana duba agogo. Idan kafinta ya ce, "Alhaji, a ba ni rabin awa in nemo ƙusoshin nan in sauke ƙyauren," a ba shi, kuma a saka wannan rabin awar cikin kuɗin aikinsa. Idan aka ga ya fito da giranda marar murfi da faifan katako, a ce masa, "Malam, ajiye wannan, a kawo zarton hannu, ko zuwa gobe ne na yarda." A fitar da yara daga ɗakin kafin a fara. Bayan an gama, kafin a rataya ƙyauren, a sa shi ya shafa fenti ko banish a gindin da aka yanka, hannu biyu, a bari ya bushe, domin ta wannan ɗanyen bakin ne katako ke shan ruwan goge ɗaki.